Bangon da Bai Kai Rufi Ba

Gidanmu na gado yana unguwar Gwallaga, cikin wani lungu da keke mai ƙafa uku ba ya shiga sai an naɗe madubi. Mahaifinmu ya rasu ya bar mu maza biyu, ni da yayana, sai Inna da ta haife mu. Yaya shi ne babba, shi ya je Makka, shi ke da shagon hatsi a kasuwa, saboda haka shi ne Alhaji, kuma maganarsa ce magana a gidan. Ni kuwa a tsakiyar sakandare na ajiye biro. Na bi mota, na yi gadi, daga baya na samu keken ɗaukar kaya na riƙe shi hannu biyu. Na koma Miri, can bayan gari, da matata don ba na son buɗe ido da safe in fara da fuskar mutanen da suke ganin ban zama komai ba. Amma kusan kullum nakan biyo in gaida Inna. Wannan kam ba wanda ya isa ya ce na taɓa fasawa.

Bayan zaure akwai wani dogon ɗaki da mahaifinmu yake saukar da baƙi a da. Yaya ya sa aka raba shi biyu da bulo don ya zuba 'yan haya. Ina tsaye magini ya tambaye shi ko a kai bangon har sama. Ya ce a'a, a tsaya inda hannu ya kai, ai iska ma tana son hanya. Haka aka bar shi. Idan mutum ya yi tari a wannan ɗaki, na wancan ɗakin zai ce masa sannu.

Ɗaki ɗaya wani mai fenti ya kama. Kirista ne daga kudancin jiha, wajen Bogoro, dogo, mara hayaniya, kullum farcensa da launi. Matarsa tela ce, tana da keken ɗinki a bakin ƙofa. Suna da 'ya guda, ƙarama, lokacin bakinta ya fara buɗewa. Matar tana kiran Inna da Kaka, ni kuma Kawu, yarinyar ma ta ɗauka. Ba zan yi ƙarya in ce mun shaƙu ba. Gaisuwa ce, sai in rigata ta yage ta ɗinke mini ta ƙi karɓar komai. Inna dai tana son su, don matar ce ke ɗebo mata ruwa, abin da surukarta ta cikin gida ba ta cika yi ba.

Ɗaya ɗakin ya daɗe ba kowa. Da kaka ta yi a wata shekara, ɓarayi suka yanke kwanon shagon Yaya suka kwashi abin da suka kwasa. Sai ya rantse wakensa na bana a gida zai kwana, inda idonsa yake. Ni na yi masa jigilar buhunan daga Miri da ƙauyukan bayanta. Wake ne na ɗauko, tsabtatacce, ba komai a cikinsa sai ƙaiƙayi. Muka jera su a ɗakin nan har suka kusa kai ƙarshen bangon.

Wanda bai san harkar wake ba, bari in gaya masa. Wake ba ya ajiyuwa haka kawai, ƙwari suke huda shi su mai da shi gari. Akwai wata ƙwaya, toka-toka, da 'yan hatsi ke kira bom. A ƙulle ta a tsumma a cusa cikin buhu, sai ta riƙa narkewa tana fitar da iska mai kashe duk abin da ke numfashi. Ba sirri ba ne. Mai sayar da ita ma yakan faɗa, ɗakin ajiya daban, nesa da makwanci, a toshe ko'ina. A Miri na ga wani manomi da ya sa ta a ɗakin da ke manne da garken tumakinsa, gari ya waye yana jan su da ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar hancina ya riƙe warin, wani abu tsakanin tafarnuwa da kifin da ya kwana a rana.

Wata rana da hantsi na shigo zaure, warin nan ya tare ni. Na tsaya. A bakin ƙofar ɗakin waken na ga kyankyasai birjik, duk sun juya ciki sama. Can gefe 'yan tsakin Inna da suke kwana a jikin ƙofar suna kwance sun sandare, uwarsu tana zagaye su tana ƙara. Telar tana zaune a kan kekenta ba ta ɗinki, ta ɗaure kai da ɗankwali tamau.

"Kawu, sannu da zuwa. Yau kam kaina ne ke sara mini. Yarinyar ma tun safe take amai. Zazzaɓi ne, ina ji."

"Ina mijinki?"

"Yana Gubi, sun samu aikin wani gini. Sai ƙarshen mako."

Na wuce ciki. Yaya yana kan tabarma a ƙofar ɗakin Inna yana shan kunu, ya miƙe ƙafa. Na gaida Inna, na juya gare shi.

"Yaya, me ka sa a waken nan?"

"Turaren wuta," ya ce. "Amarya na ajiye a ciki."

"Bom ne ko?"

"To tofi zan yi wa ƙwari? Bom ne mana. Har ninkawa na yi, ƙwarin bana ba sa jin magana, kamar wasu."

"Akwai mutane a ɗakin da ke jikinsa. Bangon nan bai kai rufi ba, kai ka ce a bar shi haka. Wallahi abin nan kisa yake yi. Na gani da idona a Miri."

Ya ajiye ludayi ya dubi Inna. "Inna, kin ji likita. Likitan keke. Yaushe ka gama karatun ba mu sha biki ba?"

"Ka fito ka ga kajin Inna."

"Sanyi ne ya kashe su. Na lulluɓe buhunan da tampol, na rufe ƙofa. Tun kana yawon tasha nake ajiye wake, kai za ka koya mini?"

"A shago kake ajiyewa. Ba wanda ke kwana a shago."

Na ɗaga murya, ban musa ba. Ni dama ba a san ni da taushin baki ba. Na ce masa matar ciwon kai take yi, yarinyar tana amai, in bai kwashe buhunan nan ba gawa zai kwasa. Na ce ga kekena a waje, a zuba su yanzu in kai duk inda yake so. Telar ta taso jin hayaniya, ta tsaya daga nesa da 'yarta a kafaɗa. Na ce mata ta kwashe shimfiɗarta ta kwana ɗakin Inna, kada ta ƙara rufe ƙofa a kanta a ɗakin can.

Yaya ya yi mata murmushi irin na masu gida. "Maman yarinya, rabu da shi. Ƙanena ne, na san shi, in bai ta da hankalin mutane ba abinci ba ya narke masa. Ɗan wari ne, gobe ba za ki ji shi ba."

Inna ta ce, "Kai dai Alhaji, ka kwashe a huta. Ba na son rigimar nan a kaina."

"Shi ke nan, Inna. Kafin magariba zan sa a kwashe. Amma ba da kekensa ba, kada ya ce shi ya cece mu."

A gaban uwarmu ya faɗa. Na kama hanya na tafi ɗaukar masara a Miri. Daga baya na ji yadda aka yi. Magariba ta yi bai kwashe ba, ya ce masu dako sun tashi, sai gobe. Telar ta je ƙofar Inna da tabarmarta, Yaya ya gan ta ya ce haba, kada ta ba shi kunya a gidansa, kamar wanda ya ajiye maciji. Mace ce mai kawaici, kuma 'yar haya. Ta koma. Sanyi ya fara shigowa lokacin, ta ja taga ta rufe.

Washegari rana ta ɗaga ina ɗaure kaya, waya ta yi ƙara. Wani maƙwabcinmu ne mai shagon caji. Ya ce in zo gida yanzu. Na ce Inna ce? Ya ce a'a, in dai zo.

Kafin in iso an ɓalle ƙofar. Mutane sun cika lungun, kowa ya toshe hanci da gefen riga. Ba zan faɗi yadda na same su ba. Abin da zan faɗa, matar ta kai bakin ƙofa, hannunta na kan sakata. Yarinyar tana kan katifa. Aka sa su a mota zuwa asibiti, amma duk wanda ya taɓa su ya san ba magani ake nema ba.

Yaya kuwa, a lokacin da ake fita da su ta ƙofar gida, yana can yana sa masu dako su yi sauri. Masu dakon da suka gagara jiya sun samu yau. Kafin azahar babu buhu ko ɗaya a ɗakin, an share, an watsa ruwa, an kunna turare.

A unguwarmu in an yi mutuwa, kafin rana ta karkata an kai mutum makwancinsa. Ba a tambaya. A ce kwana ya ƙare, a yi addu'a, a watse. Da 'yan unguwa ne suka mutu a ɗakin nan, da yanzu ba ni da abin rubutawa. Yaya ma da wannan ya dogara, ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa yana cewa ikon Allah, jiya-jiya muke tare da su. Sai dai mutanen mai fenti ba sa binne nasu da gaggawa. Sukan ajiye a asibiti har dangi su taru, a kai gida. Mai fenti ya iso daga Gubi da fenti a jikin wandonsa, bai yi kuka a gabanmu ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakinsa ya daɗe yana kallon saman bangon nan. Sannan ya ce shi bai yarda a taɓa su ba sai likita ya duba abin da ya kashe su.

Da na zo yi masa gaisuwa ya riƙe hannuna bai saki ba, ya yi magana da irin Hausarsa da ba ta raba mace da namiji.

"Kawu, matana ya kira ni jiya da yamma. Ya ce kai ka ce maganin Alhaji yana kisa. Ya ce Alhaji ya ce ba komai. Haka ne?"

Zaure cike da mutane, Yaya na zaune kusa. Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri." Ya dube ni, ya saki hannuna a hankali.

Sakamakon likita ya fito ya ce guba ce aka shaƙa. 'Yan sanda suka zo, suka leƙa ɗakin da aka share, suka samu tsummokaran ƙwayar da tokarta a kwatar bayan gida. Suka tafi da Yaya. Ya kwana biyu a hannunsu kafin a samu beli. Dattawan unguwa suka haɗa mota, har da limamin masallacinmu, suka tafi garin su mai fenti neman yafiya. Ban bi su ba, ba a ma gayyace ni ba. An karɓe su da mutunci, an ba su ruwa. Mahaifin matar ya ce tsakaninsa da Allah ya yafe, ba ya son a ba shi komai a bakin 'yarsa. Amma maganar ta riga ta bar hannunsa, tana hannun hukuma. Dattawan suka dawo suna mamaki, wai wane irin abu ne mai haƙƙi ya yafe amma gwamnati ta ƙi.

Yaya ya ɗauki lauya, wani gajere mai yawan duba waya. Shi ya kira ni ofishinsa ya warware mini abin dalla-dalla, kuma na gode masa, don shi kaɗai ne bai yi mini kwana-kwana ba.

"Malam, ba wanda ya ce yayanka ya yi niyyar kisa. Abin da ake tuhumarsa da shi, ya jawo mutuwa ta hanyar ganganci. In bai san abin na kisa ba ne, ko bai san iskar za ta tsallaka ba, to tsautsayi ne, ina da abin faɗa wa alƙali. In kuwa an gaya masa ƙarara, ya ji, ya yi biris, to wannan gidan yari ne."

"Mijin ai ya ce matarsa ta gaya masa."

"Mamaciya ce ta faɗa a waya. Wannan zan iya kokawa da shi. Su wa suka ji maganar da kunnensu?"

"Ni, da shi, da Inna, da matar."

"Hajiya ta tsufa, ta ce kunnenta ba ya ji sosai. Saura kai. Masu ƙara za su kira ka. Ni ba zan ce ka yi ƙarya ba, aikina bai ba ni dama ba. Ina dai gaya maka inda maganar ta rataya."

Daga ranar gidanmu ya canza mini. Mutanen da ba su taɓa tambayar ko na ci abinci ba suka fara sallama a ƙofata a Miri. Wani kawunmu da rabona da shi tun rasuwar mahaifinmu ya zo da leda cike da lemo. Ya ce ba ƙarya ake so in yi ba, Allah ya kiyaye, mantuwa ake so in yi, kuma ɗan Adam dama mai mantuwa ne. Wani abokin Yaya ya zo da dabarar da ta fi wannan. Ya ce ya bincika, a babbar kotu ba dole ba ne mutum ya dafa Alƙur'ani. Kana iya cewa kai alkawari kawai za ka ɗauka na faɗin gaskiya, ka ɗaga hannu, shi ke nan, rantsuwa ba ta hau kanka ba.

Na ce, "In na ɗaga hannu Allah fita yake yi daga ɗakin?"

Ya ce, "Kai matsalarka ke nan, baki."

Yaya da kansa bai roƙe ni ba. Bai iya ba. Sai ya riƙa ba ni wuri a tabarma, yana turo mini kwanon nama, yana ce mini ɗan'uwa. Rannan muna zaune ya ce, yana kallon wani wuri, "Ranar nan ai maganar kaji muka yi ko? Kajin Inna." Na ce masa kaji na ciki.

Duk wannan bai dame ni ba. Inna ce ta dame ni. Ana saura kwanaki a shiga kotu ta kira ni ɗakinta ta sa na rufe ƙofa. Ta rame, carbi a hannu.

"Ku biyu gare ni. Waɗanda suka tafi sun tafi, kukana bai dawo da su ba, kuma na yi kukan, Allah ya sani. Yarinyar nan a cinyata take barci. Amma kai za ka ɗauki ɗan'uwanka da bakinka ka kai shi kurkuku? Yana da iyali. Wa zai riƙe gidan nan, kai?"

"Inna, kina wurin. Ke ma kin ce ya kwashe."

"Ban ji komai ba."

"Inna."

"Na ce ban ji ba. In nonon da ka sha yana da daraja a wurinka, kai ma ba ka faɗi komai ba."

Na buɗe ƙofa na fito. Kwanakin nan abinci bai yi mini daɗi ba. Matata ta ce in yi abin da zan iya kwana da shi. Ita ke nan shawararta, ba ta ƙara ba.

Ranar da aka kira ni, kotun ta cika da 'yan unguwarmu, manyan riguna sun sha guga. Mai fenti yana can baya shi da wani tsoho, su biyu kawai. Yaya na tsaye cikin akwatin katako, ya cire hula. Ban taɓa ganin kansa ba hula a cikin mutane ba, ashe furfura ta cinye shi. Ma'aikacin kotu ya tambaye ni da me zan rantse. Na ji abokin Yaya ya yi gyaran murya a bayana. Na ce ina da alwala, a kawo Alƙur'ani. Wani a cikin 'yan unguwa ya ce innalillahi a hankali, amma na ji shi.

Lauyar gwamnati mace ce, ba ta ɗaga murya. Tana tambaya da Turanci, tafinta yana juya mini.

"Kafin rasuwar, ka yi magana da wanda ake tuhuma a kan maganin?"

"Na yi."

"Me ka ce masa?"

"Na ce abin nan kisa yake yi, kuma bangon bai kai rufi ba. Na ce matar na ciwon kai, yarinyar na amai. Na ce in bai kwashe ba gawa zai kwasa."

"Me ya ce?"

"Ya ce ni likitan keke ne."

Wasu suka fara dariya, suka haɗiye ta. Na faɗi sauran, har da alkawarin magariba. Ban ƙara ko kalma ba, ban rage ba. Da lauyan Yaya ya tashi sai ya bi ta inda ya ga dama. Ba gaskiya ba ne ina jin haushin yayana tun muna yara? Na ce gaskiya ne. Ba gaskiya ba ne mun taɓa rigima a kan gidan gado? Na ce mun yi, kuma ba mu gama ba. To ashe na zo ne in rama? Na ce ranka ya daɗe, da ramuwa nake so da ban bari sai mutum biyu sun mutu ba, haushin Yaya daban, abin da na gaya masa daban, kuma duka biyun gaskiya ne. Alƙali ya rubuta wani abu. Yaya bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ƙasa yake kallo, yana murza hularsa.

Shari'ar ta ja, a ɗaga yau a ɗaga gobe, har wata kakar ta zo ta wuce. Ranar hukunci alƙali ya yi dogon karatu, tafinta yana bin sa. Abin da na riƙe shi ne, kotu ta yarda bai yi nufin kashe kowa ba. Amma an faɗa masa, ya ga alama a ƙofarsa, ya ɗauki alkawari ya saɓa, ya kuma mayar da matar ɗakin da bakinsa. Wannan, in ji alƙali, ya wuce kuskure. Ya yanke masa shekaru a gidan yari. A wurin mai fenti ba su da yawa. A wurin Inna sun fi ƙarfin abin da ya rage mata, haka take gani. Matar Yaya ta faɗi tana kururuwa a barandar kotu. Mai fenti ya zo wucewa ta gabana, ya tsaya, ya ce, "Kawu." Ya wuce. Ban sake ganinsa ba, an ce ya bar garin.

Ba wanda ya ce mini sannu, kuma ban nema ba. A masallacin unguwa in na shiga sahu, sai na kusa da ni ya tuna bai gyara takalminsa ba. 'Yan hatsin da nake yi wa jigila suka koma kiran wasu. Aka ce na sayar da ɗan'uwana saboda bare. Waɗanda suke faɗin haka, da yawansu sun toshe hanci a lungun nan da safiyar nan, sun ga hannun matar a kan sakata. Su ne kuma suke zama a majalisa suna zagin shugabanni wai ba su da tsoron Allah. Na daina zama da su. In sun gan ni su kau da kai, ni ma in kau da nawa, wuyana ba ya ciwo.

Inna ta aiko a gaya mini kada in ƙara taka mata ɗaki. Na bi umarninta, ban taka ba. Amma ba ta ce kada in shiga zaure ba. Duk Juma'a bayan an sauko nakan je in zauna a zauren, in ɗaga murya in ce, Inna, ina wuni. Ba ta amsawa. Nakan ajiye abin da na kawo, goro ko sabulu ko 'yar shinkafa, in zauna kaɗan in tashi. Wani lokaci in na dawo ledar tana nan inda na bar ta, wani lokaci babu. Ban san wa ke ɗauka ba. Shekaru ke nan muna haka. Ina jin tarinta daga ciki, yana ƙara nauyi.

Juma'ar da ta wuce ina zaune sai ga matar Yaya ta dawo daga ziyarar gidan yari, da kwanukan abinci a hannu. Tun ranar hukunci ba ta yi mini magana ba. Ta wuce ni, ta kai ƙofar ciki, sai ta tsaya ba ta juyo ba.

"Alhaji ya ba ni saƙo."

Na ce ina ji.

"An rage musu kwanaki, ya kusa fitowa. Ya ce kada ka fasa zuwan nan da kake yi. Ya ce yana so ranar da zai shigo ya same ka zaune a nan."

"Da me zai zo, alheri ko sharri? Ya faɗa?"

"Iyakar abin da ya ce ke nan."

Ta shige. Na saurara ko Inna za ta ce wani abu, don na san ta ji, kunnenta lafiya lau yake. Carbinta kawai nake ji yana ƙaras-ƙaras. Na ɗaga murya na ce, Inna, na tafi, sai Juma'a. Na fita na tura kekena har bakin titi kafin in tayar. Matata ta ce in daina zuwa har a ga yadda zai fito. Na ce mata gidan ubana ne, uwata ce a ciki, kuma zai same ni.